Karatun taswirar kwamfuta: a duba kayan aiki kafin a biya kuɗin makaranta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu ja hankalin iyaye da matasanmu na Agege, Mile 12 da Idi-Araba kan karatun GIS, wato haɗa taswira da bayanai a kwamfuta. Ana koyar da shi a sashen safiyo na kwalejin Yabatech da Jami'ar Legas da ke Akoka, haka kuma a makarantar safiyo ta tarayya da ke garin Oyo. A kwaleji, ND shekara 2 ne, sai shekarar sanin makamar aiki, sannan HND shekara 2. Kafin a ɗauki yaro, sai ya ci lissafi da fiziks.

Kafin a biya ko kwabo, a je a gani da ido: ɗalibai nawa ke rabon kwamfuta ɗaya, kuma sau nawa ake fita da su fili da na'urar awo? Yaro ya nemi laftof mai RAM 8GB ko fiye, ya sauke manhajar taswira ta QGIS, kyauta ce. Takwararta ArcGIS ta kuɗi ce, amma ofisoshi da yawa ita suke tambaya, don haka kada ya wuce ta a makaranta.

Inda sabon shiga ya fi tuntuɓe shi ne tsarin lambobin wuri, wato lambobin da ke nuna inda wuri yake a taswira. A tsarin UTM, da ya raba duniya shiyya-shiyya, Legas tana shiyyar 31N, wannan kowa ya haddace. Abin da ake mantawa, yawancin takardun safiyo na filaye a kan ma'aunin Najeriya da ake kira Minna aka yi su, GPS da hoton tauraron ɗan'adam kuwa a kan ma'aunin duniya na WGS 84 suke. Idan ka ɗora ɗaya a kan ɗaya ba ka mayar da su ma'auni ɗaya ba, filin zai goce da sama da mita 100. Fuloti a nan ƙafa 60 ne da 120, ka ga an tsallake gidaje da dama ke nan, wataƙila ma filin mutum ya faɗa tsakiyar kwalta. Manhajar ba za ta ce maka uffan ba, taswira za ta fito tsaf. Maganinsa: kafin a soma zane, a duba lambar EPSG ta kowane fayil, wadda ke nuna ma'aunin da aka yi shi a kai. 26331 Minna ce, 32631 WGS 84.

GPS ɗin waya ma yana kuskuren mita 3 zuwa 5, ya fi haka tsakanin dogayen benaye. Ya isa a nuna rijiyar burtsatse ko shago, bai isa a kafa dutsen iyaka ba.

Aikin farko ba na ƙawa ba ne: bin hoto ana zana gini ɗaya-ɗaya, tattara bayanai a unguwanni da manhajar KoboToolbox, gyara sunan titi da aka rubuta iri uku. Kuma a sani, satifiket ɗin GIS na wata uku ba ya ba mutum ikon sa hannu a takardar fili. Wannan sai mai rajista da hukumar masu safiyo ta ƙasa, SURCON.

Na gode muku da fili.

A madadin wasu ma'aikatan taswira,
Agege, Legas