Wasiƙa Kan Maganar Kawu da Dattawan Ikilisiya

Narayi, Kaduna

Aminina,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya iyali, yaya sanyin Ingila? Mu nan sai godiya. Damina ta kankama, kogin Kaduna ya cika har masu lambu a bakinsa sun fara kwashe kayansu.

Saƙonka ya iso, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Ka ce tunda dattawa sun hana Kawu baftisma saboda matansa biyu, kai da dokar coci haihata-haihata, bangaskiyarka tsakaninka da Allah ce kawai. A kan Kawu ina bayanka. A kan hukuncin da ka yanke wa kanka kuwa, sai mun ja.

Ran Lahadi na je cocinsu, ashe ranar Jibin Ubangiji ce. Yana can bencin baya inda ya saba zama, da farar babbar rigarsa da littafin waƙoƙin nan nasa da aka ɗaure da roba don kada ganyayen su zube. Da farantin ƙananan kofuna ya iso layinsu, ya karɓa da hannu biyu, ya miƙa wa wani saurayi sa'an jikansa, ya sunkuyar da kai. Bayan sujada na raka shi gida, Inna ƙarama ta kawo mana kunun gyaɗa. Da na taɓo maganar sai ya ce, "Ɗana, matar nan ta haifa mini 'ya'ya, ita ta yi jinyar uwata har ta rasu. Yanzu da furfura zan ce ta kwashe kayanta? Ta je ina?" Ko ɗaga murya bai yi ba. Har gobe shi ne kan riga kowa zuwa addu'ar asuba.

Wannan gardama ta girmi cocinmu, ta girmi zuwan mishan ƙasar nan. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 15. Wasu sun je Antakiya suna cewa ba wanda zai sami ceto sai an yi masa kaciya bisa ga Shari'ar Musa. Aka kai ƙara Urushalima, Bitrus ya miƙe ya tambaye su don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka. Amma ka lura da yadda aka tashi taron. Ba a ce kowa ya yi abin da ya ga dama ba. An sauke kaciya, aka bar abu huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, jini, naman da aka maƙure, da fasikanci. Manzanni sun zauna sun tace doka, sun rarrabe wadda ke tare wa mutane ƙofa da wadda ke tsare zumunci. Abin da nake nema daga dattawan Kawu ke nan, su zauna su tace.

Bulus, wanda ka fi son kafa hujja da shi, ya fi kowa zafi a nan. Ya ce an lasafta wa Ibrahim bangaskiyarsa adalci tun kafin a yi masa kaciya, Shari'a kuma sai bayan shekara 430 da alkawarin da Allah ya yi masa ta zo. A Galatiyawa sura 3 ya kwatanta ta da mai kula da yaro. Ka tuna yayar da kan riƙe hannun ƙaninta ta tsallakar da shi titi zuwa makaranta. Ba ita ce malamar ba, amma ba don ita ba da mota ta kaɗe shi. Shi wannan Bulus ɗin ne kuma ya umarci Korintiyawa su fitar da mutumin da ke zama da matar ubansa. Wanda ya karanta rabin Bulus ya rufe littafi zai iya kafa kowace irin coci.

Yaƙub ya zo ta ɗaya gefen, ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce, ya ba da misalin mai ce wa mayunwaci ya sauka lafiya ba tare da ya ba shi ko loma ba. Martin Luther, malamin nan na Jamus da ya ja da koyarwar Katolika, bai ji daɗin wasiƙar Yaƙub ba, a 1522 har ya kira ta wasiƙar ciyawa. Katolika suka ba da tasu amsar a majalisar Trent a 1547, sai a 1999 a birnin Augsburg na Jamus su da Lutheran, wato mabiya Luther, suka sa hannu cewa da alheri ake samun ceto, ayyukan kirki kuma 'ya'yansa ne. Sama da shekara ɗari huɗu manyan malamai suna wannan ja-in-ja, kai kuma kana so ka gama da ita a saƙon waya ɗaya!

Batun mata biyu ma an sha fama da shi. A 1888 taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth da ke London ya ce kada a yi wa mai mata fiye da ɗaya baftisma, ya ci gaba da zama mai koyo. Shekara ɗari cif bayan haka, a 1988, taron ya sake duba lamarin, ya yarda a yi wa irin wannan mutum baftisma tare da matansa da suka ba da gaskiya, muddin ya yi alkawari ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin kuma sun amince, kuma kada a tilasta masa ya saki ko ɗaya saboda wahalar da za ta faɗa ciki. Wannan bai hau kan cocin Kawu ba tunda ba Anglikan ba ne, amma ya nuna dokar nan hannun mutane ne ya rubuta ta, hannun mutane kuma na iya gyara ta. Ayar "mijin mace ɗaya" ta 1 Timoti sura 3 maganar wanda zai shugabanci ikilisiya take yi. Kawu bai nemi kujerar dattijo ba, ruwan baftisma ya nema.

Sai dai a yi wa dattawan adalci. Tsoronsu shi ne gobe wani baftisasshe ya ƙaro amarya ya ce ai ga Kawu. Tsoron yana da tushe, maganinsa shi ne a bambanta wanda bishara ta tarar da matansa da wanda ya san gaskiya ya take.

Na kuma ga ranar da doka ta yi amfani. Bayan masaƙun Kakuri sun rufe, wani a unguwarmu ya bar matarsa da yara ya tare wurin wata, yana cewa zuciyarsa fes take a gaban Allah. Horon da ikilisiya ta sa shi ne ya dawo da kuɗin makarantar yaran, Zumuntar Mata kuma ta riƙe uwar har ta tsaya da ƙafarta. Ka san kuma masu buɗe coci a shago suna cewa Ruhu ya gaya musu, ba mai tambayarsu, ba mai duba baikon. Zuciyar da ba ta amsa wa kowa takan yi wa mai ita ƙarya, har da tawa da taka.

Shawarata ita ce ka rubuta wa dattawan ta hannun Fasto, da ladabi, ka kawo ayoyin, ka roƙi a kai maganar majalisa ta gaba idan ta fi ƙarfinsu. Ni zan kai takardar da kaina. Kada kuma ka gaya wa Kawu ka daina zuwa sujada saboda shi, wannan zai fi bencin baya yi masa ciwo. Ka kira shi bayan ƙarfe bakwai na yamma, lokacin ya dawo daga gona.

Maman yara tana gaishe ku duka. Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Amininka