Wasiƙa zuwa ga Habibu

Assalamu alaikum, Malam Habibu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah, sanyin hunturu dai ya fara shigowa.

Ka tambaye ni ko har yanzu ina nan da son lambobin nan da muke kwana muna musu a kansu lokacin muna makaranta. Ina nan, kuma wannan karon wata ce ta kama ni: 2,147,483,647.

Ranar Talata na ce wa ɗalibaina su ɗauka an ba mutum naira 1 ranar farko ga wata, gobe 2, jibi 4, kullum ana ninkawa har kwana 31. Nawa ya tara? Wata yarinya a layin baya ta ce ba zai wuce dubu goma ba. Muka cika allo, alli ya ƙare a hannuna, sai ga amsa ta haura biliyan biyu. Ajin ya yi tsit. Lambar ke nan: ka jera 2 guda 31, ka ninka su, ka cire 1.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta rabuwa. Duk girmanta, babu lambar da za ta raba ta daidai sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci na Faransa, kuma ita ce ta takwas a jerinsu. Kada ka zaci duk mai wannan siffa haka take. 2,047 ma siffar ke nan (2 guda 11 a ninka su, a cire 1), amma 23 sau 89 ce.

Leonhard Euler, wani masanin lissafi ɗan Switzerland, ne ya tabbatar ba ta rabuwa a 1772, a lokacin idanunsa sun riga sun tafi. Ka duba fa, Habibu: ba kwamfuta, ba gani. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san cewa in har tana rabuwa, to akwai mai raba ta a ƙasa da 46,341, kuma dole ya kasance in an raba shi da 62 ya bar ragowar 1. Da haka ya rage aikin. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Tana cikin sana'arka ma. Ita ce iyakar ƙirgen tsofaffin manhajoji masu bit 32 (wato gurabe 32 na 0 ko 1 da kwamfuta ke ajiye lamba a cikinsu), kuma agogon kwamfutar da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1 ga Janairun 1970 zai kai kanta ranar 19 ga Janairun 2038. Rubuto min yadda kuke shirin wannan a wurin aikinku, ina so in karanta wa ɗalibai.

Ka gaida uwargida da yara. Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka leƙo gida.

Naka,
Aminu