A riƙa faɗin sunan masu murya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni tela ne a Kasuwar Dole, nan Damagaram, kuma zancen ɗan ƙanwata ne ya sa na ɗauki biro.

Yana shekara tara aka fara sa shi a wasan kwaikwayo na talabijin. Kullum shi ne yaron da ake aike sayen gishiri ya dawo da rigima. Ni na ɗinka masa rigar da ya fara fitowa da ita. Daga Birni har Zango ana nuna shi da yatsa. Da ya kai sha huɗu murya ta fashe, ya yi wa fitowar yaro girma, bai kuma isa fitowa a magidanci ba, sai aka daina nemansa. Shekara biyu yana shagona yana ɗaura maɓalli, ba ya ko son a kunna talabijin.

Muryar da ta raba shi da wasa ita ta ba shi sana'a. Ya fara da sanarwar rigakafin shan inna a rediyo, sai tallan ƴan kasuwa, yanzu kuma daga Kano ake turo masa aikin Indiya-Hausa ta waya. Na taɓa kwana ɗakinsa na ga yadda ake yi. Sai ƙarfe ɗaya na dare, ƴan kabu-kabu sun tashi, yake jingina katifa biyu a bango, ya kashe fanka cikin zafin bazara, ya kafa wa leɓen Ba'indiyen ido. "Wayyo Allah" guda ɗaya na ƙirga ya maimaita sau goma sha ɗaya kafin ta zauna daidai da bakin mutumin. An ma taɓa dawo masa da aiki don ya ce "jika" a maimakon "dubu", wai Kanawa ba za su gane ba. Ya yi ta dariya. Ni haushi na ji.

To ga kukana. Mu da muka tashi da wasannin su Yazi Dogo a rediyo, murya kawai muke ji mu faɗi sunan mai ita. Yau fim zai ƙare, sunan sutudiyo ya fito, lambar mai talla ta fito, masu muryar kuwa ko oho. Makon jiya wani da ya kawo ɗinki ya zauna yana kallo a waya, yana ƙyaƙyata dariya, yana cewa "wannan Bakanon ya iya shegantaka". Bakanon yana gefensa yana yi masa gugar riga. Yaron ya ƙifta mini ido, wai "Kawu, ƙyale shi".

Ban ƙyale ba, ga shi na rubuto. Masu fassara da gidajen rediyo su riƙa faɗin sunan duk wanda ya ba da murya, ko a ƙarshen shiri ne. Ku ma, shafinku na fina-finai kullum hoton jarumai ne. Ku aiko wakilinku Damagaram, amma ku gaya masa ya yi shirin kwana, don ba a fara aikin sai gari ya yi tsit.

Naku,
Wani tela, Kasuwar Dole, Damagaram