Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Makaɗa, Mawaƙa Da 'Yan Wasa A Garwa

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya, malamai, yayye da ƙanne. Ga bayanin abin da muka gudanar daga Janairu zuwa Disamba, daga hannun sakatare. Lissafin kuɗi yana wajen ma'aji, shi zai karanto shi dalla-dalla ranar babban taro. Nan aiki kawai zan faɗa, da ra'ayina inda na ga ya kamata.

A zamanmu na farko aka yanke shawarar rage dogaro da wasan kwangila. Kowa ya san yadda abin ya kasance tun da rikicin Boko Haram ya tsallako yankin Arewa Mai Nisa na Kamaru a 2014, ƙungiyoyin agaji suka yawaita a Marwa da Mokolo da Mora, aikinsu ya riƙa gangarowa har nan. A kawo mana takarda a rubuce da Faransanci, mu juya ta Hausa da Fulatanci, mu hau dandali mu faɗa, a ɗauki hoto, a sallame mu. Kuɗi ne na halal, kuma ya rufa wa da yawa cikinmu asiri. Sai dai 'yan kallo sun riga sun gane irin wannan wasa. Da ɗan wasa ya gyara murya ya fara wa'azin da ba nasa ba, za ka ga mata sun fara naɗe tabarma. Shi ya sa muka ce bana mu nemo maganar da ke cikin gidajenmu, mu rubuta da kanmu.

Abin da muka tsayar a kai shi ne takardar haihuwa, kuma shi ya ci mafi yawan ƙarfinmu.

Ga waɗanda ba su halarci zaman ba, ga yadda matsalar take. Doka ta ba da kwana 90 a kai rahoton haihuwa a rubuta sunan jariri a ofishin magajin gari. Wanda ya bari lokaci ya yi nisa, sai ya bi ta kotu: a nemo shaidu, likita ya ƙiyasta shekarun yaro, alƙali ya yi hukunci, sannan a fitar da takarda. Kowane mataki da kuɗin mota da yinin da aka rasa a kasuwa ko gona. Mu kuwa yawancin matanmu a gida suke haihuwa a hannun ungozoma. Ranar bakwai a yanka rago, wanzami ya yi aski, a raba goro, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar da suna, unguwa duka ta ji, amma hukuma ba ta ji ba. Yaro ya shiga makaranta lafiya lau, ya yi shekara shida, sai ya kai ajin ƙarshe na firamare a ce ba zai zauna jarrabawar kammalawa ta CEP ba, balle ta shiga sakandare. In namiji ne ya koma garejin babura. In mace ce, sai a fara maganar miji.

A kan wannan muka gina wasan: uba mai son a san shi, wanda ya ci bashi ya sayi rago mafi girma a garin Fitowa ranar kasuwar Lahadi, ya ga zuwa ofis ɓata lokaci ne. Bayan shekara goma sha biyu aka koro 'yarsa, wadda ke zuwa ta ɗaya a aji, riƙe da jakarta. Mun nuna shi a Yelwa da Hausare da Rumde Ajiya, bayan sallar isha, da fitilar sola da kalangu biyu. A Yelwa, wajen da uban ke lissafa wa malamin makaranta kuɗin ragon da na goro don ya nuna yarinyar tana da suna, dariya ta hana a ji sauran maganar. Ana cikin haka wata tsohuwa ta miƙe ta nuna ɗan wasan da sanda, tana faɗa masa magana kamar surukinta ne. Sai da shugabar mata ta je ta zaunar da ita.

Amma a ganina ba dariyar ce ta yi aikin ba. Bayan kowane wasa matasanmu suna ajiye tebur da littafi a gefe, duk mai yaron da ba shi da takarda ya zo a rubuta. Jarirai aka raka iyayensu ofis cikin makon. Manya kuwa aka haɗa sunayensu, ana bibiyar lokacin da kotu ke fitowa zaman unguwa don irin wannan shari'a. Wasu sun samu, da yawa suna jira, jerin yana hannun shugabar mata. Sai kuma shawarar da Sarkin Makaɗa ya kawo, wadda ta fi duk abin da mu 'yan boko muka tsara: maroƙanmu da ke sanar da suna a gidajen haihuwa, yanzu suna ƙarawa da tunatar da mai gida, cikin raha da kirari, cewa saura a kai sunan ofis. Ba a biya su ko dala a kan haka ba. Allah ya saka musu da alheri.

Ƙarshen wasan ya taɓo auren dole, kuma ɗan wasan da ya fito a alƙali ya karanto sashe na 356 na dokar hukunta laifuka ta 2016, wanda ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai aurar da wani dole ko mai aurar da wanda bai kai shekara 18 ba. Wasu iyayenmu sun ga mun zaƙe. Mun saurare su, mun sassauta harshe, ba mu cire sashen ba. Ɓangaren mata kuma ya yi zaman karatu a makon ranar mata ta duniya, 8 ga Maris, a kan rubutun Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa da ta ci kyautar Goncourt ta ɗaliban sakandare a Faransa a 2020 da labarinta a kan auren dole. Mai jin Faransanci ta karanta, ta mayar wa sauran da Hausa. An ce muhawarar ta fi karatun tsawo.

Da azumi muka farfaɗo da tashe, manya da yara, kuma nan ne aka samu saɓanin da ya kamata babban taro ya duba. Cikin wasannin akwai na mai ɓoye hatsi, wanda ke zaune a kan buhuna yana addu'ar farashi ya tashi. Ba a ambaci kowa ba. Duk da haka wani ɗan kasuwa da ya saba taimaka mana da haya ta lasifika ya ɗauka da shi ake, ya janye hannunsa. Wasu membobi suka ce a je a ba shi haƙuri a daina wasan, wai in baki ya ci ido kan ji kunya. Na fahimce su, domin makaɗin da ke cin abinci da liƙi a gidajen biki ya san abin da fushin mai kuɗi ke jawowa. Sai dai sana'armu ba kirari kaɗai ta gada ba. Zambo da habaici ma gadonmu ne, kuma tashe tun asali dandali ne da yaro ke faɗa wa babba gaskiya a yi dariya a wuce. An je an gaishe shi don girmamawa, wasan kuma ya ci gaba, da lasifikar aro mai ƙara kamar ana soya gyaɗa.

A watan Satumba, da ambaliya ta ci Yagwa da garuruwan bakin Logon har gada ta karye, mun yi daren kiɗa na neman taimako. Dukawa da masu ɗinkin hula suka ba da kayansu aka sayar. Tufafi da tabarmi da hatsin da aka tara an miƙa su ta hannun 'yan uwanmu na can.

Batun haƙƙinmu mu kanmu bai yi nisa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 19 ga Disamba 2000 tana nan, SONACAM ce ke karɓa wa mawaƙa haƙƙinsu, amma masu tura waƙa a waya suna cika katin memori da muryoyin mutanenmu a kasuwa, mai waƙar bai ga komai ba. Da muka fara haɗa takardun rajista sai muka tarar wasu manyan makaɗanmu ba su da katin ɗan ƙasa, domin su ma ba a taɓa yi musu takardar haihuwa ba. An sa sunayensu cikin jerin masu jiran kotu, tare da jikokinsu. Takardun ƙungiya kuma ana gyara su don su dace da dokar 20 ga Yuli 2020 ta ƙungiyoyin fasaha da al'adu.

Mun yi rashin ɗaya daga iyayenmu masu algaita da damina. Allah ya jiƙansa, ya ba iyalinsa haƙuri. Matasa sun samu naɗar wasu take daga bakinsa kafin ciwo ya kwantar da shi, kuma an fara zagayawa wajen sauran dattawa da waya don a naɗi nasu.

Abubuwan da za a yanke a babban taro: sayen lasifika tamu ta kanmu, ƙa'idar karɓar wasan kwangila, wato a ba mu magana mu rubuta da bakinmu ko mu bar aikin, da kai wasan takardar haihuwa Fitowa da Lagdo bayan girbi. Duka ukun sun rataya a kan kuɗin wata, kuma ma'aji ya ce masu bashi sun fi masu biya yawa. Don Allah kowa ya zo da nasa, ya zo da katinsa na ƙungiya.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya