Ki sha maganinki, ki ba shi nononsa

Aboabo, Kumasi

'Yata,

Assalamu alaikum. Ya jego, ya sanyi? Ki gaishe min da maigidana ɗan wata biyu, ki ce masa har yau ban ga kuɗin cefane ba.

Ƙanwarki ta tona abin da kika ɓoye min a waya. Ta ce ƙurar hunturu ta tayar miki da asma, likita a asibitin Korle Bu ya rubuta miki ƙwayoyin prednisolone na kwana 5, kika sha na kwana ɗaya kika cusa sauran ƙarƙashin katifa, wai matan gidanku a Nima sun ce zai ɓata nono. Har ana batun sayo madarar gwangwani.

Haba 'yar nan! Uwarki ta tsufa tana aiki a ɗakin haihuwa, amma sai ki ɗauki fatawa a bakin famfo?

Gaskiya ne maganin yana shiga nono, sai dai abin da ke shiga ɗan mitsitsi ne. Jikin yaron ma da kansa yana yin irin wannan sinadari, a wasu 'yan gaɓoɓi da ke zaune kan ƙoda. In abin da uwa ke sha bai wuce miligiram 40 a rana ba, kamar naki, ba a sa ran ya taɓa jariri. Wadda aka ɗora wa fiye da haka na tsawon lokaci ita ake ce wa ta jira awa 4 kafin ta shayar, a kuma riƙa duba girman ɗanta wajen awo. Ke dai ki ba shi nono da safe ya ƙoshi, ki karya da kokonki, sannan ki haɗiye ƙwayoyin. Kada ki sha da wofin ciki, kada kuma ki kai shi dare, yana hana barci, ga ki dama ba isasshe kike samu ba.

Maganin asma na shaƙawar nan ma kada ki ajiye. Huhu yake nufa kai tsaye, abin da ke kaiwa jini kaɗan ne.

Abin da ya hana ni barci shi ne numfashinki. Na ga mai jego da aka kawo da tsakar dare tana neman iska, ɗanta yana tsala kuka a hannun kishiya, duk don tsoron ƙwayar da ba ta kai ƙwayar masara ba. Gobe ki koma asibiti, ki faɗa wa likita kin tsallake kwanaki, ba zai cinye ki ba. In wata rana aka ɗora ki a kai fiye da mako 3, to ba a yanke shi lokaci guda, a hankali ake ragewa.

Wanda ya kamata matan gidanku su ji tsoro yana kan madubinsu: man bilicin mai clobetasol da ake shafawa har ƙirji jariri ya lasa, da dexamethasone da ake sha don a yi ƙiba. Wannan kam in na zo na gani a ɗakinki, ni da ke ne.

Ki gaida surukarki da girmamawa, ki karanta mata wannan a hankali, ba da gatsali ba. Na ba direban da ke zuwa ranar Asabar daddawa da yajin jego.

Mahaifiyarki