Jan ƙarfe a cikin ƙarfen zubi: a auna kafin a zuba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana da 'yan uwana masu zubin ƙarfe a Panteka ta Kaduna da sauran wurare. Na tsufa a gaban tanderu, kuma akwai maganar da ke yawo tsakanin matasan sana'ar da take damuna: wai idan kana son ƙarfen zubi ya yi ƙarfi, ka watsa masa jan ƙarfe. Maganar tana da tushe, amma yadda ake aiki da ita akwai gyara.

Ƙarfen zubi, irin na bulok ɗin injin mota da diram ɗin birki, yana ɗauke da kabon wajen kashi 3 cikin 100 da silikon wajen kashi 2. Idan ya huce a hankali, yawancin kabon ɗin yakan fito a matsayin girafait, baƙin nan da ke cikin fensir, ya warwatsu falle-falle. Shi ya sa idan ka fasa shi cikinsa yake toka-toka. Abin da ke kewaye da girafait ɗin shi ne ke yanke hukunci. Ko dai ya zama ferait, mai laushi da saurin cinyewa, ko ya zama palait, wanda a madubin ƙara girma yake fitowa layi-layi kamar zanen yatsa, ƙarfe mai laushi da mai tauri suna bin juna.

Aikin jan ƙarfe biyu ne, kuma mutane sun fi sanin na biyun. Lokacin da narkakken ƙarfe yake daskarewa, jan ƙarfe yana taimaka wa girafait ya fito, ko da yake bai kai silikon ƙarfi a wannan ba. Amfaninsa shi ne gefen da yake siriri, wanda ke saurin hucewa, ba ya yawan zama farin nan mai taurin tsiya da ke cinye bakin dirili. Daga baya, da zafi ya sauko ƙasa da digiri 750 ko kusa, sai ya tare wa kabon hanyar komawa jikin girafait, palait ya yawaita, layukansa su ƙara matsewa. Nan ne ƙarfi da juriyar gogayya suke fitowa. Mai injin feƙe ƙarfe shi ne zai fara ba ka labari, don zai ji wuƙarsa tana tafiya bai ɗaya daga gefe har tsakiya.

To nawa ake sawa? Rabin kilo zuwa kilo 1 a cikin kilo 100, wani aikin har kilo 1.5. Bayan nan ribar takan ragu, kuma idan aka haura kashi 3 da wani abu ƙarfen ba ya iya riƙe shi, sai ya ware gefe. Ga tsadar jan ƙarfe yau, wannan asara ce tsagwaronta. Kuma jan ƙarfe ba ya ƙonewa ya fita kamar wasu sinadarai. Duk ragowar zubin da ka mayar tanderu, da nasa yake komawa, ya taru a kan sabon da ka ƙara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kan famfo da makullai da bushin na tagulla (zoben da sandar inji ke juyawa a cikinsa) da ake saya a hannun 'yan gwangwan a jefa. Kan famfo yawanci kashi 60 ne jan ƙarfe, sauran tutiya ce da ɗan dalma, wajen kashi 2. Tutiya tana tafasa a digiri 907, narkakken ƙarfen zubi kuwa ya haura 1,200. Farin hayaƙin nan da ke tashi ita ce, kuma yaron da ya shaƙe shi da rana yakan kwana da zazzaɓi da ciwon jiki, a ce masassara ce. Dalma kuwa giram 5 a kilo 100 na iya ɓata siffar girafait, musamman a zubi mai kauri idan akwai danshi, ƙarfen ya rasa babban kaso na ƙarfinsa. Yi lissafi: kilo 1 na kan famfo ya kawo giram 20. Bushin kuma yana tafe da kuza, wadda ta ninka jan ƙarfe wajen sau 10 a samar da palait. Giram 100 a kilo 100 shi ne iyakarta, fiye da haka ƙarfe ya zama mai saurin karyewa.

Tsabtatacciyar wayar cikin tsohuwar mota ko janareto ita ce daidai, a cire robar, a tabbatar ta bushe, a ɗora a sikeli. Kuma don Allah a san inda ta fito, kada mu zama kasuwar ɓarayin wayar wuta.

Muna da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa a Jos, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ga sashen ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ina kira ga ƙungiyoyin masu zubi su nemi yarjejeniya da su, ta yadda mai ƙaramar maƙera zai kai guntun ƙarfe a goge a duba masa a kan kuɗin da zai iya biya, a faɗa masa yawan palait da dalmar da ke ciki kafin ya sayar wa direba diram ɗin birki.

Na gode.

Tsohon ma'aikacin zubin ƙarfe,
Kaduna.