A Ba Tsofaffin Ma'aikatan Sararin Samaniya Gurbi a Jaridarku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ni tsohon ma'aikaci ne na hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wato NASRDA, wadda aka kafa a 1999. Ban taɓa haɗa tauraron ɗan'adam da hannuna ba. Aikina a cibiyarmu ta Toro, jihar Bauchi, shi ne kula da na'urorin auna girgizar ƙasa: in duba batir, in share ƙura, in tabbatar bayanai suna shiga kwamfuta. Lokacin da ƙasa ta motsa a Kwoi, jihar Kaduna, a 2016 ina bakin aiki. Bayan nan ba da jimawa ba na yi ritaya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne cikin azumin 2020, lokacin annobar korona. An sa dokar kulle a Abuja da Legas da Ogun tun 30 ga Maris 2020, Kano ta biyo baya, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. A cikin wannan hali Allah ya yi wa wani abokin aikina rasuwa a Kano. Mutumin da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma sai bayan kwana tara labari ya iske ni, shi ma a bakin mai shagon da yake tura masa katin waya. An yi jana'iza, an yi sadakar uku, an yi ta bakwai, ni ina nan ina cewa bayan Sallah zan kira shi mu gaisa. Na zauna a kan tabarma da wayar a hannu har aka kira magariba ban san an sha ruwa ba, sai da uwargida ta ajiye mini kunu a gaba.

Daga ranar na ce a'a. Na fara neman lambobin tsofaffin abokan aiki ɗaya bayan ɗaya, na Toro da na Jos da na hedikwata a Lugbe, Abuja. Jikata ta buɗe mana zaure a WhatsApp. Kowace Juma'a bayan la'asar nakan faɗa mata, tana rubutawa: wane ba shi da lafiya a sa shi a addu'a, wane ya aurar da 'ya ba tare da taro ba, kuɗin fansho ya shiga ko bai shiga ba, ga abin da hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ce kan takunkumi da wanke hannu. A ƙarshe sai labarin sama, domin mai hali ba ya fasa halinsa.

Kuma a 2020 sama ta yi labari. Ranar 30 ga Mayu kumbon kamfanin SpaceX ya tashi daga Fulorida da 'yan sama jannati biyu, karo na farko daga ƙasar Amurka tun 2011. A watan Yuli kumbuna uku suka kama hanyar duniyar Mars: na Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, na Sin, da Perseverance na Amurka, wanda ya sauka lafiya ranar 18 ga Fabrairun 2021. Na Larabawan ne ya fi tayar mana da muhawara. Wani injiniyanmu ya turo saƙon murya na minti bakwai, yana tuna mana cewa mu mun harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 tun Satumban 2003 daga Plesetsk a Rasha, kuma NigeriaSat-X da aka harba a 2011 yaranmu da aka horar a Ingila su suka haɗa shi da hannunsu. Muryarsa tana rawa. Ni a ganina ba hassada ba ce, kishi ne na wanda ya san gonar da ya nome. Shi ne mutumin da 'ya'yansa suka ce ya daina magana da kowa tun da aka rufe masallatai.

To ga inda gizo ke saƙar. Ba dukanmu ne injiniyoyi ba. Akwai direbobi, masu gadi, masinjoji, masu shara, waɗanda suka tsufa a wannan aiki kuma wayarsu 'yar rakani-kashi ce, ba ta intanet. Tsohon direbanmu, wanda ya sha kai mu duba na'urori cikin damina, sai na kira shi na karanta masa saƙon tun daga farko, shi kuma yana cewa, "Ranka ya daɗe, maimaita sunan wanda ya rasu." Wasu kuwa sun koma garuruwansu, lambarsu ta ɓace mana gaba ɗaya. Amma jaridar Hausa tana kaiwa inda waya ba ta kai ba. Ko mutum bai iya karatu ba, jikansa zai karanta masa a zaure.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka ba mu ɗan gurbi ko sau ɗaya a wata, ko da rabin shafi bai kai ba. Mu za mu kawo rubutun, ba ma neman ko sisi. Duk tsohon ma'aikacin da ya ga wannan wasiƙa, ko iyalinsa, ya aiko da saƙo ta ofishinku a haɗa mu. Maganar farko da nake so ta fito ita ce ta allurar rigakafin korona da ta iso Abuja ranar 2 ga Maris 2021. A lokacin an fara da ma'aikatan lafiya, masu shekaru irinmu muna jiran layi, kuma jita-jita ta riga ta shiga kunnuwan wasunmu. Ni dai na gaya wa direbanmu ranar da layi ya zo kanmu zan biya masa kuɗin mota ya zo Bauchi, mu miƙa hannu tare.

Naka,
Tsohon ma'aikacin cibiyar Toro,
daga Bauchi.